Waiwaye: A Fara Tambayar Ruwa Ina Za Shi

A ƙarshen watan Afrilu, idan zafi ya kai zafi a Samaru har hadari ya fara leƙowa daga gabas, akwai wata ƙara da takan tashe mu da sassafe, ƙarar shebur yana karo da siminti a cikin lambatu. Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970 zai iya tunawa da ita idan ya nutsu. Leburori ne suke bin magudanan ruwa ɗaya bayan ɗaya, suna yashe rairayi da busassun ganyen da iskar hunturu ta tara, suna jibgewa a gefe kafin a zo a kwashe. Mu kuwa mu wuce su da littattafai a hammata, muna sauri kada malami ya riga mu shiga aji. Sannu da aiki ma ba kullum muke ce musu ba. Allah ya yafe mana ƙuruciya.

Shugabansu wani dattijo ne mai furfura, ɗan ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da jami'ar. Kowa Baba yake ce masa. Wata rana ina jiran aboki a bakin hanya na ga ya sa yaransa suna faɗaɗa bakin wani kwalbati da ni a idona ba abin da ya same shi. Na ce, "Baba, ai wannan lafiyarsa ƙalau." Ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, "Ɗan makaranta, tun ba a aza tubali ko ɗaya a nan ba nake kiwo a wurin nan. Ruwan da ke saukowa daga tudun can, nan yake bi. Ko ka ba shi hanya ko ya ba kansa." Na yi dariya na wuce. Sai da na yi furfura irin tasa sannan maganar ta zauna mini.

Yau idan ka shiga kowace jami'a a ƙasar nan, abin da zai fara cika maka ido sababbin gine-gine ne: ɗakunan gwaje-gwaje, cibiyoyin kwamfuta, manyan ɗakunan lacca, da yawansu ɗauke da tambarin asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ilimi na 1993. Wannan abin farin ciki ne, domin mun san lokacin da ɗalibai goma suke layi a kan madubin ƙara girma guda ɗaya. Sai dai idan na bi gefen irin waɗannan gine-gine, idona ƙasa yake zuwa. Ina neman inda ruwan rufin zai sauka, da inda zai nufa bayan ya sauka.

An buɗe jami'ar Samaru ranar 4 ga Oktoba, 1962, kuma ba a kan fili fetal aka kafa ta ba. Ta gaji gine-ginen tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, ta gaji cibiyoyin da ke Kongo da Shika, ta kuma gaji tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tarihinta ya koma har 1922. Wannan gado na ƙarshe shi ne ya fi shafar zancenmu. Mutanen aikin gona ba sa wasa da lissafin ruwa. Tun zamanin Turawa suke auna ruwan sama a kullum suna rubutawa, suna kuma sane da cewa yankin Zariya yana samun milimita dubu ko sama da haka a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, mafi yawa a watan Agusta. Jami'ar da ta tashi kusa da irin waɗannan mutane ta tashi ne da sanin halin ƙasar da take kai.

A zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe jami'ar, daga 1966 zuwa 1975, ɗalibai suka ƙaru, buƙatar ruwa ta ƙaru, aka datse kogin Kubanni a farkon shekarun 1970 domin jami'a ta samu ruwan shanta. Kubanni ƙaramin kogi ne da ke ratsa Zariya ya faɗa Galma, Galma kuma ya faɗa kogin Kaduna. Daga ranar da aka yi wannan dam, duk ɗigon da ya faɗo a kan rufin ɗakin kwanan ɗalibai, ko a filin ƙwallo, ko a kan titi, ya zama yana da makoma sananniya: zai gangara ya taru a can ƙasa, a tace shi, ya dawo mana ta famfo.

Wani malaminmu na labarin ƙasa ne ya fahimtar da mu haka, ba kuwa a kan allo ba. Wata ranar Yuni ana tsaka da lacca ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Sai ya rufe littafinsa ya ce kowa ya naɗe ƙafar wando. Muka fita muna ƙorafi ƙasa-ƙasa, muka bi ruwan tun daga bakin indararo, ya shiga kwata, kwata ta zuba a babban lambatu, lambatu ya kai shi wani kwari mai ciyawa. A inda ƙasa take tsirara, ruwan ja wur yake, yana gudu yana cin gefe. A inda ya ratsa gamba da jema, sai ya lafa, ya fito da ɗan haske. Malamin ya ɗebo ruwan wuraren biyu a kwalabe ya ajiye a tagar aji. Washegari muka tarar da laka ta kwanta a gindin ɗaya har kusan gaɓar yatsa, ɗayar kuwa sai ɗan ƙura-ƙura. Ya ce mu ninka wannan laka sau miliyoyi, mu ninka da shekaru, sannan mu gaya masa ina za ta kwanta. Kowa ya juya ya kalli wajen dam.

Abin da ya koya mana ke nan da yanzu ake kashe kuɗi a je ƙetare a jiyo. Tun 2015 ƙasar Sin ta fara gwada wani tsari a biranenta da suke kira birni mai kama da soso, wato a bar wa ruwa wuraren da zai tsaya ya nutse a ƙasa maimakon a kora shi gaba da gudu. Da na ji labarin sai na tuna da kududdufan Kano da na Zariya. Kakanninmu sun haƙi ƙasa sun yi tubali sun gina gidaje, ramin da ya rage ya zama masaukin ruwan unguwa. Shi ke shanye marka, shi ke ciyar da rijiyoyin da ke kusa har cikin rani. Muka tashi muka ga kududdufi ƙazanta ne kawai da gidan sauro, muka cike da yawansu da shara, muka yanka filoti. Gaskiya ne kududdufi yana son gyara da tsafta, amma gyara daban, binnewa daban. Ruwan da ya saba sauka a can bai fasa zuwa ba, sai dai yanzu a tsakar ɗaki yake sauka.

Na ga irin wannan da idona a wata jami'a da na yi aiki na ɗan lokaci, ba sai na kama suna ba. An gina mana sabon ginin kimiyya, kyakkyawa, fari tas. Da rani aka auna filin, da rani aka yi ginin, da rani manyan baƙi suka zo aka yanke ƙyalle aka ci shinkafa. Harabarsa kaf aka shimfiɗe da siminti don kada takalmin baƙo ya taɓa ƙura. Na'urorin da aka sayo da kuɗin waje suna bene na ƙasa, wasu ko a kwalinsu ba a fitar ba. Daren wata Laraba cikin Agusta aka kwana ana ruwa. Da safe muka tarar da kujeru suna iyo, kwalaye sun jiƙe sun zube, laka ta yi wa bango zobe har gwiwa. Muna tsaye cirko-cirko, kowa yana neman wanda zai ɗora wa laifi, sai mai gadin ginin ya ce da ni a hankali, "Ranka ya daɗe, ai nan fadama ce. Muna yara a daidai inda kake tsayen nan muke kamun tarwaɗa." Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba tun ana haƙa harsashi. Ya ce, "Wa ya tambaye ni?"

Wannan amsa ta fi ruwan dukana. A cikin ginin nan akwai masu digiri uku-uku a kan ƙasa da ruwa da sinadarai, ni ma ina cikin waɗanda suka zauna taron kwamiti muka yaba taswira. Ba wanda ya ce a fita a taka filin ana ruwa, ba wanda ya ce a kira dagaci ko tsofaffin manoman wurin a ji ta bakinsu. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma a sha'anin wannan fili, mai gadi ne babba, mu ne yara.

Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne, ɗan aji uku na sakandare zai yi shi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 1,000, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, zai zubo da lita 50,000, wato jarka 2,000 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Kafin a yi ginin, ciyawa da ƙasa ne suke shanye kaso mai yawa na wannan ruwa. Bayan an rufe wurin da kwano da kwalta, kusan dukkansa ne zai kwaranya a lokaci guda ya nufi magudanar da aka yi wa aunin wani zamani. Kowane sabon gini ƙarin kaya ne a kan tsohon kwalbati. Abin takaicin ma, irin wannan gini da ruwa ya mamaye a Agusta, shi ne za ka ga tanka tana kawo masa ruwa a Maris. Rufin nan mai murabba'in mita 1,000 a shekara guda yana zubar da kimanin lita miliyan ɗaya a ƙasa irin ta Zariya. Da an tanadi tankin ƙasa, da an sami na wanke kwalabe da na ban-ruwan shuke-shuke.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da ginin kimiyya. Ruwan da aka wanke kayan gwaji da shi yana iya ɗauke da guba, don haka hanyarsa daban take, ba a haɗa ta da kwatar ruwan sama. Idan aka yi sakaci aka haɗa, to a tuna da darasin kwalabe biyu: ƙarshen kwata dam ne, ƙarshen dam kuwa kofin shayinmu. A Samaru ɗin nan ne aka kunna na'urar binciken nukiliya ta farko a Najeriya a 2004, a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi. Ƙasar da ta kai wannan mataki ba ta rasa masu ilimin tsara magudana ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne girmama aikin, domin ba a yanke ƙyalle a bakin lambatu, ba a kuma manna masa allon sunan mai girma.

Ba mu manta da Maiduguri ba. A watan Satumba na 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, kogin Ngadda ya shiga gari, har asibitin koyarwa na jami'a ruwa ya mamaye, ya taɓa na'urori masu tsada da marasa lafiya daga jihohi da dama suke dogaro da su. Shekara talatin kafin nan, a 1994, garin ya ga irin wannan ambaliya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Ɓallewar dam ta fi ƙarfin kowace kwata, amma ta bar wa duk mai shirin gini tambayoyi: a wane bene za a ajiye na'ura mafi tsada, tudun harsashi nawa ne, ina janareta da akwatin wuta suke zaune. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga 'ya'yanmu da ke riƙe da jami'o'i a yau, roƙona kaɗan ne. Kafin a zaɓi inda sabon gini zai zauna, a fita a taka filin cikin marka, lokacin da ɗalibai ke hutu kuma ofisoshi sun yi shiru. A tafi da safiyo, a tafi da tsohon da ya yi noma a wurin. A bar wa fadama fadamarta, a kewaye ta da itatuwa, ta zama wurin da ɗaliban kimiyyar halittu za su riƙa zuwa darasi. A rage shimfiɗa siminti inda ciyawa za ta wadatar. A sa kuɗin magudana cikin kuɗin ginin tun farko, tun ran gini tun ran zane, a kuma ware na yashe ta kowace shekara, ga ledar fiya wata da ta zo ta ƙara wa shebur aiki.

Bara na je Samaru ɗaurin auren jikar wani abokin karatuna. Bayan an shafa fatiha na ce wa direba ya bi da ni ta tsohuwar hanyar nan. Itatuwan da na sani sanduna sun zama rumfa, gine-ginen da ban sani ba sun fi waɗanda na sani yawa. A gefen titi na hango wasu matasa biyu cikin lambatu, laka har ƙwauri, suna fitar da yashi. Na sa aka tsaya, na sauko da sandata, na ce musu sannunku da aiki. Suka amsa suna kallona da mamaki, don ba su san gaisuwar ta yi shekara hamsin a bakina ba.