Jama'ar Sanyinna, Shaye-shaye da Ciwon Damuwa Tare Ake Maganinsu

Ya ku iyaye da malamai da masu riƙe da sarautar ƙasar Sanyinna, ya ku jama'ar Tambuwal da Kebbe. Akwai tambayar da muka daɗe ba mu yi wa 'ya'yanmu da suka faɗa shaye-shaye ba. Mun tambaye su wa ke sayar musu, mun tambayi da wa suke yawo, mun zage su, mun doke su, wasu har mun kore su daga gida. Amma mutum nawa ne cikinmu ya zaunar da ɗansa ya ce masa, "Me ke damunka?"

Abin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. An yi daidai. Sai dai dokar ta tare kwalba ne, ba ta taɓa abin da ya kai hannu ga kwalbar ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Ga da yawa daga cikin masu shaye-shaye, tsagar nan ita ce ciwon damuwa. Ba ɓacin ran kwana ɗaya ake nufi ba. Cuta ce da likitoci suka sani: mutum ya yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a ƙuntace, abin da yake so a da ya fita ransa, barci ya gagara, abinci ya ƙi shiga, ya riƙa ganin ba shi da amfani, wani lokaci har ya yi fatan mutuwa. Ku dubi saurayin da ya kwana idonsa biyu, da asuba ya haɗiyi tiramol don ya iya ɗaga fartanya a fadama. Ku dubi matar auren da ta daina fitowa tsakar gida, ta daina kitso, ga kwalba ɓoye a bayan gado. In ka matsa musu, amsar ɗaya ce: "Don in manta." Ƙwayar kan danne zafin na 'yan awowi, in ta sake shi sai ƙuncin ya dawo ninki, ga bashi, ga kunya. A wurin wasu kuma ƙwayar ce ta fara zuwa, ita ta jawo damuwar. Ko wanne ya riga, sun riga sun sarƙe.

Shi ya sa wanda aka raba da ƙwaya aka bar shi da damuwarsa yake komawa, mu kuma mu ce ya lalace, ba ya jin magana. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa suna kula da cututtukan biyu a lokaci guda. Likita zai janye mutum daga ƙwayar cikin tsari, domin masu irin su diyazafam in an yanke su farat ɗaya suna iya jawo farfaɗiya. Zai lura ko ƙuncin na janyewa ne mai wucewa, ko ciwo ne mai zaman kansa. In ya rubuta maganin damuwa, ku sani ba ya bugarwa, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Bayan an samu sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, ba a ajiye shi sai da izinin likita. Tare da magani akwai zaman tattaunawa da ƙwararre, da komawa ga sana'a da jama'a. Kuma a gaya wa likita gaskiya duka, domin haɗa tiramol da wasu magungunan damuwa na iya halaka mutum.

Wurin zuwa yana cikin jiharmu. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana Kware, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen masu wannan lalura, kuma daga asibitin Tambuwal ko na Kebbe ana iya tura mara lafiya can. Mu daina mai da "Kware" kalmar zagi. Wannan gorin ya hana iyalai da dama kai 'ya'yansu, har sai da ciwon ya yi nisa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya rubuta littattafai a kan ilimin magani. Neman lafiya gadonmu ne, addininmu kuma ya umurce mu da shi. A yi addu'a, a kuma je asibiti.

Mari da bulala kuwa, mun ga ƙarshensu. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Mai ƙuncin zuciya in an ɗaure shi ƙuncin ne ke ƙaruwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta fara aiki a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba shi haƙƙin a yi jinyarsa cikin mutunci.

To, kowa ya ɗauki nasa. Limamai, ku ambaci ciwon damuwa a huɗubar Juma'a da sunansa, ku faɗa wa mutane ba raunin imani ba ne. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku sa ido kan masu sayar da ƙwaya a kemis da kasuwa, ku kai rahotonsu ga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, ku kuma bambanta dillali da mara lafiya. Shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, ku nemi a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocinmu su iya gane wannan ciwo, ku tanadi magungunansa kusa, kada kuɗin mota zuwa Sakkwato ya hana talaka warkewa. Ƙungiyoyin matasa da na mata, ku haɗa asusun taimakon jinya, ku karɓi wanda ya dawo, ku ba shi aikin yi.

Iyaye, naku ya fi gaggawa. Duk wanda kuka ji yana cewa ya gaji da duniya, kada ku ce barazana ce. Kada ku bar shi shi kaɗai, ku kawar da fiya-fiya da maganin feshi daga inda hannunsa zai kai, ku kai shi asibiti a ranar. Mu tashi yau, gida-gida, unguwa-unguwa, mu nemo su tun da sauran lokaci. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, amin.