Waiwaye: ABC Ya Mutu, Python Ya Ci Gado

A ƙarshen watan Disamba na 1989, lokacin hutun Kirsimeti, Guido van Rossum ya zauna a gida ya fara rubuta wani sabon yaren kwamfuta don ya ɗebe wa kansa kewa. Ma'aikaci ne a cibiyar binciken lissafi da kwamfuta ta CWI da ke Amsterdam, a ƙasar Holan. Ba wanda ya sa shi. Abin da ya fito daga wannan hutu shi ne Python, wanda a yau da shi matasa da yawa ke fara koyon rubuta manhaja.

Labarin nan ya yi yawo sosai, amma masu ba da shi kan tsallake rabinsa. Kafin Python akwai ABC, a cibiyar nan dai, kuma Guido na cikin waɗanda suka yi masa aiki. Masana irin su Lambert Meertens da Leo Geurts suka tsara shi, da tambaya guda a ransu: yaya za a yi yaren da wanda ba gwani ba zai koya cikin sauƙi? Sun shafe shekaru suna gwadawa, suna rushewa, suna sakewa. Yaren ya fito tsaf, gwanin sha'awa. Sai dai a rufe yake ruf. Da wuya wani daga waje ya ƙara masa wani abu, kuma bai iya hulɗa sosai da fayiloli da sauran manhajojin da ke cikin kwamfuta ba. Mutane suka yaba, suka wuce.

Shi kuwa Guido wata buƙata ce ta gabansa ta dame shi. Yana aiki a kan tsarin kwamfuta mai suna Amoeba, yana neman abin da zai rage masa wahalar ƙananan ayyukan yau da kullum. Ya ɗauko abin da ABC ya riga ya tabbatar yana da kyau, har da salon matsar da layi ciki don nuna inda sashen umarni ya fara da inda ya ƙare. Sannan ya buɗe ƙofar da ABC ya rufe: kowa na iya haɗa masa sabon sashe da aka rubuta da yaren C. A Fabrairun 1991 ya sake shi kyauta.

A nan nake ganin ana yi wa yarukan gwaji irin su ABC rashin adalci, kuma abin yana damuna. Ana auna su da yawan masu amfani da su, sai a ce sun faɗi. Ai yaren gwaji gonar gwajin iri ce, yaren sha'awa irin Python kuma gayauna ce da mai ita ke ci daga cikinta. Ba a tambayar ta farko buhu nawa ta kai kasuwa. Aikin ABC shi ne ya gano abin da ke sauƙaƙa wa mai koyo, kuma ya gano. Da Guido bai wuce ta hannun ABC ba, hutun makonni kaɗan ba zai ishe shi ya hango waɗannan abubuwa ba.

Haka ta sake faruwa a Amurka. A farkon shekarun 2000 masu bincike a AT&T da Jami'ar Cornell suka fito da yaren Cyclone, suna gwada yadda za a toshe kurakuran ma'adanar kwamfuta da suka addabi yaren C, irin waɗanda masu kutse ke bi su shiga. Bai samu jama'a ba. A 2006 kuma Graydon Hoare ya fara yaren Rust a lokacinsa na kansa, Mozilla ta ɗauki nauyinsa a 2009, cikakken bugu na farko ya fito a 2015. Dabarar sa ido kan tsawon rayuwar kowane abu a ma'adana, wadda Rust ke alfahari da ita, tana da jijiya a Cyclone. A ƙarshen 2022 aka fara karɓar Rust a cikin zuciyar tsarin kwamfuta na Linux, inda C ya daɗe yana sarauta shi kaɗai. Masu Cyclone kuwa tuni suka sanar cewa sun daina kula da shi, tare da faɗin cewa wasu dabarunsa sun koma cikin Rust.