GUBAR DA KE SHIGA JIKIN MATA A ƁOYE

Ya ku 'yan'uwa, sankarar mama ita ce cutar daji da ta fi kama mata a Najeriya, amma har yanzu mafi yawanmu ba mu tambayi abin da muke shigarwa gidajenmu da hannunmu ba.

A jikin mace akwai wasu sinadarai da likitoci ke kira homon, waɗanda su ne ke tafiyar da balaga da haila da renon ciki. Babba daga cikinsu shi ne istrojin, kuma idan aikinsa ya wuce kima, yakan ingiza tsokar mama da ta mahaifa su yi ta tofo ba bisa ƙa'ida ba. To, wasu sinadaran masana'antu suna kwaikwayonsa, jiki ya karɓe su kamar nasa ne.

Babbar hujja ita ce maganin DES, wanda aka riƙa bai wa masu ciki a Amurka da Turai don hana ɓari. A shekarar 1971 likitoci a birnin Boston suka gano cewa 'ya'ya matan da aka haifa bayan iyayensu sun sha shi suna kamuwa da wata sankarar al'aura tun suna 'yan mata. Uwa ta sha, 'ya ta ɗauki cuta. A 2015 wani bincike a Kalifoniya ya nuna cewa matan da maganin ƙwari na DDT ya isa gare su da yawa tun suna ciki, haɗarin sankarar mama ya kusa ninkawa huɗu a kansu. A 2022 kuma, binciken cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka ya danganta yawan shafa man miƙar da gashi da sankarar mahaifa. Waɗannan biyun alaƙa aka gani, amma mai hankali ba ya jiran gobara ta ci ɗaki kafin ya raba wuta da ciyawa. Tun 2011 Tarayyar Turai ta hana sinadarin BPA a kwalaben shayar da jarirai.

Mu kuwa muna zuba koko mai zafi a leda, muna dafa alale a cikinta, muna barbaɗa maganin ƙwari a buhun wake. Lafiyar iyali amana ce a wuyan maigida. A koma kwano da ganye, a wanke kayan lambu da kyau, duk wadda ta ji kullutu a mama a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba. Hukumar NAFDAC kuma ta tsaurara sa ido a kasuwanni. Allah Ya kare matanmu da 'ya'yanmu, amin.