Wayarka ta sake mutuwa bayan gyara? Kafin ka ce mai gyara ɓarawo ne



Makon jiya na tarar da rigima a wata rumfar gyaran salula a kasuwa. Wani dattijo ya kawo wayarsa karo na uku, bakin caji ne aka canza masa, kwana huɗu ta daina ɗaukar wuta. Yana ta faɗa, wai yaron ya cire masa kaya masu kyau ya sa na banza. Ɗansa yana cirani a Libiya, ta wannan wayar yake kiransa idan ya aiko kuɗi ta Nita. Yaron ya sunkuyar da kai, "Baba ka yi haƙuri" kawai yake maimaitawa. Ni dai na leƙa aikin, kuma ban ga sata ba. Liƙin ne bai kama ba.

Ga abin da ke faruwa. Dalmar da iyayenmu masu gyaran rediyo suka saba da ita haɗin kuza ne da darma, kashi 63 da kashi 37, tana narkewa a digiri 183. Amma tun watan Yulin 2006 Tarayyar Turai ta hana darma a yawancin kayan lantarki, masana'antun Sin da sauran duniya suka bi. Wayoyin da ke hannunmu yanzu da wani haɗin aka liƙe su: kuza kusan zalla, da ɗan azurfa da jan ƙarfe, wanda sai ya kai wajen digiri 217 yake narkewa. Bambancin kamar kaɗan ne a baki, amma a kan teburin gyara shi ne komai.

To ka duba ƙarfen liƙin da yaranmu ke aiki da shi. Mai araha ne, ba wurin daidaita zafi, ka jona shi kawai ka jira. Idan kuran ya yi ƙasa daga 220 zuwa 180, ƙarfen ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Wanda ke kan panno da batirin da ya gaji kuwa, ba a magana. Mun dai ga yadda aka sha lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023. Sannan ƙafafun bakin caji suna manne da faffaɗan jan ƙarfe a cikin allon wayar, wanda ke zuƙe zafi kamar yadda rairayi ke shan ruwa. Sai dalmar ta narke a sama, ta dunƙule, ƙasan bai jiƙe ba. A rumfa wayar za ta yi caji, a biya, kowa ya tafi. Hawa babur biyu a hanyar Tinkim, da cusa waya da zarewa, liƙin ya tsage.

Ana gane shi da ido. Liƙin kirki yana kwanciya ya hau ƙafar kamar gangare. Wanda bai kama ba yana tsayawa kamar ƙwallo, da ɗan layi a gefensa. Maganinsa ba wani asiri ba ne: a kwashe tsohuwar dalmar tas, a goge wurin, a sa man liƙi, a ɗan ɗumama allon kafin a kai ƙarfe, bakin ƙarfen ya kasance mai tsabta, sannan a auna da mita kafin a rufe wayar. Minti goma ne ƙari. Akasin haka ma yana kisa: wasu idan abu ya ƙi narkewa sai su ƙure abin hura zafi, har layukan allon su ɗago, ƙananan kayan gefe su tashi. Wannan wayar ta tafi ke nan.

Mu masu kai gyara muna da namu laifin. "Yi sauri motar Damagaram za ta tashi", ga kuma taya kuɗin aiki har ƙasa. Wanda ka ba shi dala ɗari kana tsaye a kansa, da me zai sayi man liƙi mai kyau?

Amma babban kukana ga hukuma yake. Yawancin yaran nan a Kano suka koyo, a Farm Centre ko titin Beirut, wata uku suna kallon hannun maigida, wasu ma a YouTube. An nuna musu yadda ake yi, ba a gaya musu dalili ba. Muna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM, akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa don irin wannan. Me zai hana a tara masu gyaran Magarya da Dungas ko na mako biyu, a koya musu zafi da awo, a taimaka musu da ƙarfe mai daidaita zafi ko da bashi ne?

A haɗa da maganar lafiya. Dalmar da ake sayarwa a kasuwa har yanzu da yawa mai darma ce. Na sha ganin yaro ya riƙe zarenta da haƙori don hannuwansa biyu na aiki, ya gama ya sa hannu a kwanon shinkafa da wake bai wanke ba. Darmar nan ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can wajen haƙar zinariya ne. Hayaƙin man liƙin kuma yana taɓa ƙirji, ga rumfunan ba iska.

Dattijon nan dai yaron ya sake masa aikin kyauta, ya ari ƙarfen maƙwabcinsa. Jiya na gan shi bakin masallaci yana waya.