Ruga: Ba ta Fulani Ba, ta Cikin Tumbi

Duk Bahaushen da ya ji kalmar "ruga", mazaunin Fulani da garken shanu ne za su fara faɗo masa a rai. To amma ɗalibin ilmin halittu yakan ci karo da wata ruga dabam a littafinsa, wadda ba ta haɗa komai da waccan ba sai kamannin lafazi. Daga harshen Latin ta fito, ma'anarta kuwa tamoji, wato irin yamushewar da ake gani a goshin tsoho. Masana sassan jiki suka are ta suka laƙaba wa ninke-ninken da ke bangon cikin tumbin ɗan Adam. Jam'inta rugae.

Abin takaici shi ne, hadda ake sa ɗalibai su yi wa irin waɗannan kalmomi, ba a fasa masu su ga abin da ke ciki. Illar haka a fili take. In aka tambayi ɗalibi amfanin rugae, sau da yawa sai ya ce suna ƙara faɗi ne domin tsotse abinci. Alhali tumbi ba ya tsotsar wani abin kirki, in ban da barasa da wasu magunguna irin su asfirin. Babban aikin waɗannan ninke-ninke shi ne ba tumbi damar buɗewa. Idan babu komai a cikinsa yakan tattare kamar babbar riga a akwati, da zarar tuwo ya sauka sai ninkin ya warware, ya ɗauki lita 1 zuwa 1.5 ba tare da wahala ba. Haka mafitsara take yi da fitsari. Da an gaya wa ɗalibin cewa tamoji ake nufi, da ya gane da kansa, domin kowa ya san tamoji kan baje idan an ja fata.

Ninkin da ke ƙara faɗi domin tsotsa yana cikin ƙaramin hanji, shi kuwa ba ya warwarewa ko hanjin ya cika, shi ya sa sunansa ma dabam ne. Tsofaffin littattafai kan ce faɗin cikin hanji ya kai filin wasan tanis. A 2014 wasu masana biyu a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin suka sake lissafi, suka samu ƙaramin hanji bai wuce murabba'in mita 30 ba, wato ɗaki mai mita 5 a mita 6.

Ƙwaƙwalwa ce ma ta fi nuna asarar da ake yi. Samanta tudu ne da kwari, kuma kusan kashi biyu bisa uku na ɓawonta a ɓoye yake cikin kwarin, ta haka ne ƙoƙon kai ya iya ɗaukarsa. Sunan wannan kwari a kimiyya "sulkus", wanda a Latin yake nufin layin da garma ta tsaga a gona. Ashe ɗan manomin da ya tashi yana huɗa ya riga ya san kalmar tun kafin ya shiga jami'a. Kunya ce da kwarinta, sai dai ba wanda ya gaya masa.

Wasu malamai kan ce jarrabawa da mujallun bincike na duniya sunan Latin suka sani, saboda haka fassara ɓata lokaci ce. Suna da gaskiya ta fuska guda, domin likitan Kano da na Alƙahira sai da suna ɗaya za su fahimci juna, kuma ba mai cewa a jefar da shi. Abin da ake nema shi ne a ajiye ma'anar kusa da sunan, a kuma bambanta da Hausa tsakanin ninki mai warwarewa da ninki na dindindin, bambancin da hadda ba ta koyarwa.

Kayan aikin ma ba tsada gare su ba. Mahauta na nan a kowane gari, inda ɗalibi zai ga ɗakuna huɗu na tumbin saniya, ɗaya kamar saƙar zuma, ɗaya kamar shafukan littafi. In kuma mahautar ta yi nisa, mai karatu ya ɗora harshensa a kan ganɗa, bayan haƙoran gaba na sama. Ƴan kunyoyin da zai ji a nan su ma rugae ne. Tsarinsu ya bambanta daga mutum zuwa mutum, har likitocin binciken gawa kan gwada su da hoton bakin da likitan haƙori ya ajiye domin gane mamaci.