In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

Duk ranar da takardar canjin wurin aiki ta fito daga Yamai, aka ga sunan wani ma'aikaci an tura shi Gaya, to gidansu ba ya rabuwa da masu zuwa barka. Wanda aka tura can cikin hamada jaje ake yi masa. Alhali albashinsu ɗaya, muƙaminsu ɗaya. Shin barkar me ake yi? Kowa ya san amsa, ba mai faɗa. Gaya ƙofa ce: ga gadar kogi zuwa Malanbil da hanyar Kwatano, ga Kamba ta Najeriya nan kusa. Tun bai ɗaura kayansa ba, dangi da abokai sun riga sun karanta masa darasin farko.

Mun saba ɗora laifin cin hanci a kan ɗan duwan da jandarma, ko a kan raunin doka. Ra'ayina shi ne babban malamin wannan ɗabi'a bakinmu ne, wato wa muke yabo, wa muke yi wa dariya.

Masana ƙwaƙwalwa sun bi diddigin yadda rai ke koyon abin da ke da lada. A binciken da ya shahara a 1997, Wolfram Schultz da abokan aikinsa sun nuna cewa wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri masu fitar da sinadarin dofamin suna zabura idan ya sami ruwan zaƙi ba zato, suna kuma yin sanyi idan ya sa rai bai samu ba. Da wannan bambanci, tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu, dabba da mutum ke gyara zaɓinsu na gobe. A 2008 kuma, Keise Izuma da abokansa a Japan suka gano cewa sashen ƙwaƙwalwar da ke motsawa idan an ba mutum kuɗi, shi ne ke motsawa idan ya ji ana faɗin kirkinsa. Ashe yabo ma biya ne. Maroƙanmu sun daɗe da sanin haka, ba su jira na'ura ba.

To, mu auna biyan da ma'aikaci ke samu. Wanda ya shekara biyu a bakin iyaka ya ɗora bene, ya kai uwarsa Makka, shi ake ba tabarmar gaba a wurin suna da ɗaurin aure, shi maroƙi ke wasawa, shi ake kira ɗan albarka. Wanda ya dawo da babur ɗin da ya tafi da shi, in an yi masa adalci a ce wawa ne, in ba a yi ba a ce ya ci shi kaɗai ya ɓoye. Matarsa ma sai ta sha habaici a wurin biki. Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ya daɗe yana nazarin aikin gwamnati a ƙasar nan, ya bayyana wannan matsi na dangi da jama'a tun 1999. Yabon nan kullum ne, kuma nan take. Hukunci fa? Jefi-jefi, bayan shekaru, a kan wanda ba shi da uwa a gindin murhu. Mun ga kwamitin binciken laifuffuka na babban taron ƙasa a 1991, an kafa HALCIA a 2011, an kafa COLDEFF a 2023. Ran da ke koyo daga lada ba ya jin tsoron sandar da ba ta cika sauka ba.

Za a ce talauci ne. Akwai gaskiya a ciki. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun 1990 bai manta da watannin da suka wuce ba albashi, ga karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Amma yunwa buhun gero take nema, ba bene na biyu ba.

Ƴan kasuwa kuma kada ku yi murmushi, da ku ake. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wa aka riƙa kira namijin duniya a rumfuna? Wanda ya san hanyar daji da farashin kowane shinge. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, da gada ta rufe, kaya da mutane suka koma jiragen kwale-kwale, yaran kasuwa suna kallo, suna ganin wa ake tafa wa. Wanda ya tsaya ya biya kuɗin fito cikakke, ya karɓi takarda, tausayinsa ake ji kamar maras lafiya.

Abin mamaki, wannan bakin namu shi ne kuma ke riƙe da kasuwar kanta. Olivier Walther, da ya yi nazarin manyan ƴan kasuwar Gaya da Malanbil da Kamba, ya nuna yadda harka ke tafiya a kan sanayya da amana. Ana ba mutum kayan miliyoyi bashi ba tare da sa hannu ba, ya kuma biya, domin ya san in ya ci amana, kafin la'asar labari ya tsallaka kogi, ba mai sake ba shi ko buhun gishiri. Ba alƙali, ba ɗan sanda. Mutumin da ba zai iya cin dala ɗaya ta maigidansa ba, shi ne ke cin miliyan ta baitulmali ya yi barci, don a can akwai kunya, a nan akwai tafi.

Saboda haka ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na masu motocin dakon kaya suna da makamin da babu hukumar da ke da irinsa. Sun san ma'aikacin da ke sallamar mota ba tare da ya miƙa hannu ba, sun san shi da suna. Me zai hana su rubuta wa shugabanninsa takardar yabo a fili, a karanta ta a rediyo, ranar da aka ɗauke shi kuma su raka shi har tasha? Limaman da ake kawo wa gudummawar ginin masallaci su ma suna iya tambayar mai bayarwa, a keɓe, nawa ne albashinsa.