Su Wa Ke Yanke Shawara Kan Jikin Talaka? Daga Rum Zuwa Idi-Araba

Ran 27 ga watan Mayu, 2025, Paparoma Leo na 14, wanda a lokacin bai cika mako uku bisa karaga ba, ya naɗa Renzo Pegoraro, limamin coci kuma likita ɗan ƙasar Italiya, ya shugabanci majalisar masana ta Fadar Vatikan mai nazarin al'amuran da suka shafi ran ɗan Adam. Wannan labari bai dami kowa ba a tashar Mile 2. Direban tanka mai jiran layin shiga Apapa da mai tura baro a kasuwar Mile 12 suna da abin da ya fi wannan damunsu.

Amma tambayoyin da waccan majalisa take zama a kansu ba na Turawa kaɗai ba ne. Shin ya halatta a gwada sabon magani a jikin yaro? Yaushe za a ce mutum ya cika, har a cire masa na'urar numfashi? Wa ke da ikon ba da ƙodarsa ga wani? Kowace ƙasa tana da waɗanda ta ɗora wa amsa irin waɗannan tambayoyi, kuma yadda ake zaɓensu shi ne maganar. Mutanen Arewa sun fi kowa a Nijeriya sanin abin da ke faruwa idan kujerar nan ba kowa a kanta.

A cikin shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta kashe mutum fiye da 10,000, akasarinsu yara. Ana tsakiyar wannan masifa sai kamfanin magunguna na Amurka, watau Pfizer, ya aiko da likitocinsa Asibitin Zana na Kano, inda likitocin agaji na ƙungiyar MSF suka riga suka kafa sansani suna ba da magani kyauta. Mutanen kamfanin suka ɗebi yara 200. Kimanin rabinsu aka ba su wani sabon magani mai suna Trovan wanda ba a riga an amince da shi ba, sauran kuma aka ba su wani tsohon magani domin a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Waɗansu suka kurumce, waɗansu suka makance ko suka shanye. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi musu haka, kuma lalle sanƙarau yakan yi haka. Iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa an kuma amince da baki, amma bai iya nuna takardar da wani uba ya sa wa hannu ba.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne wata wasiƙa. Doka a Amurka tana bukatar a nuna cewa wani kwamiti na masana a ƙasar da aka yi gwajin ya duba ya amince. To, sai aka gabatar da wasiƙa ɗauke da kwanan watan Maris, 1996, da sunan kwamitin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Bayan jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000, shugaban asibitin ya fito ya ce a lokacin da aka yi gwajin asibitinsa ba shi da irin wannan kwamiti sam. Ashe daga baya aka rubuta wasiƙar aka mayar da kwanan wata baya. Watau dai yara 200 aka yi wa gwaji bisa iznin majalisar da ba a haife ta ba.

Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, ya miƙa rahotonsa a 2001 yana cewa gwajin ya saɓa wa doka. Rahoton ya kwanta cikin aljihun tebur har 2006 kafin ya fasu. Jihar Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, shekara 15 ke nan bayan abin ya faru. Shi kuwa Trovan, a 1999 hukumomin Turai suka dakatar da shi, na Amurka suka taƙaita amfani da shi saboda illar da yake yi wa hanta.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka zo 2003 aka ce a kawo yara a ɗiga musu maganin shan-inna, sai Kano ta ƙi, Gwamna Ibrahim Shekarau ya dakatar da aikin har tsakiyar 2004, lokacin da aka samo maganin daga Indonisiya. Zargin cewa maganin yana hana haihuwa bai tabbata ba, kuma kafin a dawo da rigakafin cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yara da yawa suka gurgunce. Duk mai adalci zai ce kuskure aka yi. Amma zai ƙara da cewa a Asibitin Zana aka shuka shi.

Daga wannan ɗaci ne Nijeriya ta gyara gidanta, ko da yake a makare. Aka kafa kwamiti na ƙasa mai kula da ƙa'idojin binciken lafiya, wanda ake kira NHREC a taƙaice, ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, sa'an nan Dokar Lafiya ta Ƙasa wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta ba shi gindin zama. Bisa wannan doka wakilansa ba za su wuce 15 ba, Ministan Lafiya ke naɗa su, kowa shekara 3, ana iya ƙara masa 3 daga nan ya sauka. A cikinsu dole a sami likita, da lauya, da masanin haɗa magunguna, da ma'aikacin jinya, da wakili ɗaya na addinin Musulunci da ɗaya na addinin Kirista. Har wa yau dokar ta ce duk asibiti ko cibiyar da ke bincike a kan mutane dole ta kasance da nata ƙaramin kwamiti mai rajista, ko kuma ta riƙa amfani da na wata cibiyar. Wani abin da zai sa a yi murmushi shi ne, daga baya wani shehin malami daga Asibitin Aminu Kano ɗin nan, Farfesa Zubairu Iliyasu, ya shugabanci kwamitin na ƙasa.

A nan ne kwatanci da Rum yake da amfani, domin su sun daɗe suna rigima a kan tambayar da ba a fara yi ba a nan: wa ke naɗawa, kuma me ake bukata daga wanda aka naɗa?

Paparoma John Paul na 2 ne ya kafa majalisar ran 11 ga Fabrairu, 1994. Shugabanta na farko shi ne Jérôme Lejeune, masanin ƙwayoyin gado ɗan Faransa, wanda ya rasu kafin ya cika wata biyu a kan kujerar. A tsarin farko, wanda aka naɗa cikakken wakili ba a ɗibar masa wa'adin 'yan shekaru, kuma sai ya sa hannu a wata takardar alkawari cewa zai kare rai tun daga shigar ciki har mutuwa bisa koyarwar Katolika. Majalisar ba ta kafa doka, ba ta kuma yanke hukuncin addini, wannan aikin wani ofishi ne dabam a fadar. Nata aikin nazari ne da ba da shawara.

A 2016 Paparoma Francis ya naɗa Babban Bishop Vincenzo Paglia shugaba, ya kuma sake tsarin gaba ɗaya. Wa'adin dukan tsofaffin wakilai ya ƙare a ƙarshen shekarar. Bisa dokokin na 2016, Paparoma ke naɗa shugaba da cikakkun wakilai, waɗanda ba za su wuce 70 ba, na tsawon shekara 5 da za a iya sabuntawa, kuma wanda ya kai shekara 80 ya sauka. Akwai majalisar gudanarwa mai taimakon shugaba, aka kuma buɗe ƙofa ga matasan masu bincike da ba su wuce shekara 35 ba. Aka soke takardar alkawarin nan, aka ce ana iya ɗaukar masani ko wane addini yake bi. A jerin sunayen 2017 sai ga malaman Yahudawa, ga wani masani Musulmi ɗan Tunisiya, Mohamed Haddad, ga kuma Nigel Biggar na Jami'ar Oxford, wanda ba Katolika ba ne kuma ra'ayinsa kan zubar da ciki ya saɓa da na cocin. Aka yi ta cece-kuce. Waɗansu daga tsofaffin wakilai suka ɓalle suka kafa tasu majalisa a shekarar. Su a ganinsu an sayar da gida, masu goyon bayan Francis kuwa suka ce majalisar da kowa a cikinta bakinsa ɗaya ba ta koyon komai.

Ko wane ɓangare mutum ya bi, abu ɗaya ya fito fili. Da alƙalami ɗaya mai naɗawa ya sauya alƙiblar majalisa. Haka abin yake ga Ministan Lafiya a Abuja. Shi ke zaɓen mutumin da zai zauna da sunan Musulmin Nijeriya duka, da wanda zai zauna da sunan Kiristocinta, kuma yawancin waɗanda ake wakilta ba su taɓa jin sunayensu ba.

Amfanin samun masana da ke zaune a kan magana tun kafin ta taso ya bayyana a nan Ikko. A ƙarshen Yuni, 2022, gwamnatin Jihar Legas ta fitar da wani kundi mai nuna wa likitoci yadda za su cire ciki a inda doka ta yarda, kamar in ran uwa yana cikin haɗari. Nan da nan Babban Bishop na Katolika na Legas, Alfred Adewale Martins, ya fito ya soki kundin, kuma cikin watan Yuli Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da shi. Likitoci da ƙungiyoyin mata suka ce mata ne za su biya farashin dakatarwar da rayukansu. Ba a nan za a raba wannan gardama ba. Abin lura kawai shi ne, ɓangarorin biyu kowanne ya zo da hujjarsa a shirye. Matar mai gadi da ke haihuwa a ɗaki ɗaya a Agege, ba a nemi jin ta bakinta ba lokacin rubutawa, balle lokacin dakatarwa.

Haka aka yi a 2013, lokacin da Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar da ta ba da damar ƙone gawa, har da gawar da aka rasa mai ita a ɗakin ajiye gawa. Ƙungiyoyin Musulmi sun yi ƙorafi. To amma wace gawa ce ake rasa mai ita a Ikko? Ba ta mai gida a Ikoyi ba ce. Ta ɗan ci-rani ce da mota ta buge a kan hanyar Badagry, ba katin shaida a aljihunsa, iyayensa suna wani ƙauye a Jigawa suna jiran aike.

Sai kuma maganar ƙoda. A 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, shekara 9 da wata 8, saboda kai wani saurayi mai shekara 21 Ingila domin a cire masa ƙoda a dasa wa 'yarsa. A kan titin Ikko aka samo yaron, yana tallan kayan wayar hannu a baro. Abin da ya cece shi shi ne likitan asibitin Landan ya tsaya ya yi masa tambayoyi, ya gane bai fahimci abin da za a yi masa ba, ya ƙi yin aikin. Dokar 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, Jihar Legas ma ta yi tata dokar a ƙarshen 2024. Malaman fiƙihu na ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ke zama a Jidda tun 1988 suka halatta dashen sassan jiki bisa sharuɗɗa, suka haramta sayarwa. Sai dai fatawar da ta tsaya a Jidda cikin Larabci ba ta isa kunnen saurayin da dillali ya yi wa alkawarin kuɗin sayen babur ba.

Akwai wata ƙofa da ke buɗe wadda ba a shiga ba. Kundin 2007 ya ce kowane kwamiti na asibiti dole ya ƙunshi aƙalla mutum ɗaya wanda ba masanin kimiyya ba ne, da kuma wanda ba ma'aikacin wurin ba ne. Ya kuma ce bayanin da za a yi wa wanda za a sa cikin bincike kada ya fi ƙarfin mai karatun shekara 9 a makaranta. Wannan ma'auni ne na boko. Dubban mazauna Mile 2 da Alaba Rago karatun allo suka yi, suna karanta ajami sarai, amma takardar Turanci sai dai su dangwala yatsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba farfesa ne zai tuna da wannan ba in babu wanda ya faɗa masa.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas yana Idi-Araba, maƙwabtaka da ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Hausawa na Ikko. Na Jihar Legas yana Ikeja, kusa da Agege. Cibiyar binciken lafiya ta ƙasa tana Yaba. Dukansu suna da irin wannan kwamiti. Sarkin Hausawan Agege da takwarorinsa na sauran unguwanni, da limamai, da fastocin majami'un 'yan Arewa, sukan je gidan gwamnati in an rufe kasuwa ko an kama babura. Ba abin da zai hana su rubuta wa shugabannin waɗannan asibitoci uku su tambayi wanda ke kan kujerar mutumin gari, da ranar da wa'adinsa zai ƙare, su kuma miƙa sunan wanda ya iya Hausa da Turanci.